Ka Mayar da Shi Kafin Gyaɗar Mama

Baban Mwila,

Motar zuwa garin Kapiri ta iso, ba zan iya jiran dawowarka ba. Nshima, tuwon masararka, da kifi suna cikin kula.

Na gode da ka zaunar da ni ka koya mini sauya gudun sandar nan da ke juya injuna a bayan tarakta. Allah ya saka maka. Jiya na sussuke masarar iri a kan gudun a hankali, ƙwayar ta fito lafiya lau, ba fashe-fashe irin na bara. Da la'asar na ɗaura famfo na mayar da gudun kan mai sauri, ruwa ya hau har kan tudu. Tumatirin da muka fid da rai da shi ya miƙe. Maƙwabcinmu Musonda ya leƙo ta shinge yana cewa, "Maman Mwila, kin kori mijinki daga aiki ke nan?" Na ce a'a, girma ya samu, ya zama malami.

Amma ka kula, hannun sauya gudun yana kan mai sauri. Ka mayar da shi kan gudun a hankali kafin ka ɓare wa Mama gyaɗar irinta. In ka manta, gari za ka kai mata, kuma kai kaɗai za ka yi mata bayani.

Bupe