Ruwan Gidan su Rakiya

Parakou, daren Alhamis

Na dawo daga Djougou, barci ya ƙi zuwa. Ni da bakina na ce wa ɗaliban lakwal ɗin can, wato makarantar, kowa ya kawo ruwan gidansu mu duba a madubin ƙwayoyin cuta. Na Rakiya ya fi na kowa abubuwa masu motsi. Don zumuɗi na ɗaga murya: "Ku zo ku ga na Rakiya!" Suka yi layi suna dariya.

Ashe uwarta ce mai sayar da zoɓo a ƙofar lakwal. Da aka tashi, ko mutum ɗaya bai saya ba.

Rakiya ta biyo ni har bakin mota. "Madam, me zan gaya wa Inna?"

Ni mai amsar kowace tambaya, sai na ce direba yana jira.