Kalandar da Ta Mayar da Ni Fara

Zuwa ga Malam Bukar, mai shagon kwamfuta da buga takardu da ke kusa da tashar jirgin ƙasa, Nguru.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana lafiya, kai da iyali, da Hajja mahaifiyarka, wadda ita ta fara riƙe hannuna a kan allo.

Ni ce Malama Hajara, mai koyar da matan aure a Islamiyyar unguwarmu. Kai magana bainar jama'a ba halina ba ne, sai da na yi istihara kafin in ɗauki biro. Amma abin da ya same ni a bango yake rataye, cikin gidaje ɗari biyu tsakanin Nguru da Gashuwa, don haka gyaransa ma sai a fili.

Na ɗaya. Kafin azumin bana ɗalibaina goma sha ɗaya suka sauke Alƙur'ani. Kwamitin makaranta ya ce a yi kalanda da hotonmu a raba wurin walima. Na ƙi, aka yi ta lallashina har na tsaya a tsakiyarsu. Aka kawo maka aikin saboda ka ce ka sayo firinta mai launi daga Kano, mai aiki da gari ba ruwan tawada ba, wadda ba ta koɗewa. Malam Bukar, ka san ni tun kana ɗan goye. Baƙa ce ni wuluk, irin mahaifina, kuma ina gode wa Allah. Matar da ke tsakiyar kalandarka kuwa fara ce sol, kamar an sauko da ita daga jirgin Jidda.

Na biyu, kuma nan ne ciwon. Shekara tara ke nan ina yi wa mata nasiha su bar shafa man bilicin. Da hannuna na karɓe kwalabe, na raka wasu asibiti da fuska a ƙone. Kwana uku bayan walima ƙanwata Falmata ta shigo mota daga Gashuwa, ko mayafi ba ta ajiye ba ta ja ni tsakar gida, ta juya fuskata gabas, ta juya ta yamma, sannan ta zauna ta ce alhamdu lillahi. Ita ta gaya mini cewa wani mai sayar da mayuka a kasuwarsu ya rataye kalandar a kan kayansa, mata suna zuwa suna cewa a ba su irin na Malama. Wai har ya ƙare masa.

Na yi dariya ranar. Dariyar ta tsaya da na ga Yagana, ɗalibata da na sha wuya kafin ta bar shafa man, kumatunta sun sake yin ja. Na tambaye ta a keɓe. Ta sunkuyar da kai ta ce dangin mijinta a Gashuwa sun ce ai malamar taku ma shafawa take yi, hijabi ne yake rufa mata asiri.

Na uku. Don kada in zalunce ka, sau uku na zo shagonka. Zuwan farko ka ce hasken kyamara ne. Na karɓo ainihin hoton daga mai ɗauka, ga ni nan yadda Allah ya yi ni. Zuwa na biyu ka ce janareto ne ba shi da ƙarfi. Zuwa na uku ka zaro wani dogon abu daga cikin injin, ka yi ta girgiza shi kamar mai kaɗa nono, ka mayar, ka buga. Na fito da rabin fuska baƙa, rabi fara. Wannan takardar tana cikin adakata, ban nuna wa kowa ba, kuma ina roƙonka kai ma ka yi shiru.

Ka dubi kalandar da kyau. Koren hijabin ɗalibaina ya koma kalar ruwan wankin ganye. Baƙin allon da ke bayanmu ya zama toka-toka. Shi ma mai yake shafawa?

Na huɗu. Na shiga mota zuwa Gashuwa wurin wani mai irin injinka, ban ambaci sunanka ba. Ya buga mini takardar gwaji mai launi huɗu: baƙi, shuɗi, rawaya da wani ja-ja. Ya ce kowanne da mazubin garinsa, in ɗaya ya yi ƙasa sai hoto ya kwashe. Ya ce wasu in garin ya ƙare ba sa sayen sabon mazubi, sai su huda tsohon su ɗura na kwano. Ya ce akwai wurin da ake dannawa a kwamfuta don injin ya riƙa tsimin gari, da gilashi a ciki da ƙura ke rufewa, kuma takardar da ta sha danshi ba ta kama launi. Ban ce ka yi ko ɗaya ba, Allah ne masani. Abin da idona ya gani shi ne kwalayen takardunka a ƙasa kusa da randa, da wani ɗan mazurari a kan tebur mai shuɗin baki.

Na biyar, nawa laifin. Ka miƙo mini samfuri kafin ka buga sauran. Kunya ta hana ni kallon hoton kaina a gaban maza, na kau da kai na ce ya yi. Wannan ni na ɗauka. Akwai kuma wani: ranar walima da na isa gida na buɗe kalandar, na tsaya ina kallon matar nan fiye da yadda ya kamata, har na ji a raina cewa ba laifi. Na yi istigfari. Na faɗa ne don ɗalibaina su san ban fi ƙarfin abin da nake hana su ba.

Buƙatuna kaɗan ne. Ka sa gari na gaskiya, ka goge gilashin, ka ɗaga takardun nan daga gindin randa. Ka sake buga kalandar, wannan karon Falmata ce za ta duba samfuri, ita ba ta jin kunyar kowa. Sannan ka rubuta da hannunka cewa injinka ne ya koɗe ba ni ba, a kai wa mai mayukan Gashuwa ya liƙa inda ya rataye ni.

Kafin a yi haka, daga ranar kasuwa mai zuwa zan riƙa zuwa da carbina in zauna a bencin ƙofar shagonka, daidai ƙarƙashin kalandar da ka rataye don talla, daga hantsi zuwa azahar. Ba zan ce wa kowa komai ba. Mai wucewa ya dubi sama, ya dubi ƙasa. Yagana ta yi alkawarin za ta kawo surukarta.

Allah ya yi wa kasuwarka albarka, ya tsare ka daga garin kwano, ya ƙara wa Hajja lafiya. Kada ka wahalar da kanka neman mini inuwa, rana ba ta da abin da za ta ƙara mini.

Wassalam.

Malama Hajara, Nguru.