Taliyar da Ba a Yankawa

Litinin, 2 ga Satumba, 2024

Ate Herminia za ta iso daga Italiya ranar Asabar, don bikin cikar Tatay, mahaifinmu, shekara tamanin. Ta kira ni ina tsakiyar aji, yara sun zuba ido in gama nuna musu yadda wake ke tsirowa a cikin kwalba. Ko gaisuwa babu. "Ning, ke za ki dafa pancit. Da sotanghon, irin na Nanay." Wato soyayyar taliya, da siririyar taliyar nan, irin girkin mahaifiyarmu. Na ce to. Me zan ce? Yayata ce. Tana can Milano tana wanke tsohuwar wasu, ni ina nan garinmu Mabini ina wanke tsohonmu, amma hotonta ne aka ajiye a saman talabijin ɗin falo.

Alhamis, 5 ga Satumba

Asibiti. Tun da ɓarin jikin Tatay na dama ya shanye a watan Yuni haɗiya ke ba shi wuya. Likita ta sake ja mini kunne: komai a yayyanka ƙanana, ban da mai tsawo, ban da mai santsi. Na tambaye ta batun pancit. Ta dube ni ta saman tabarau, ta ce, "Malama, har da ke?"

Sotanghon kuwa ga tsawo ga santsi. Kuma wa ke yanka taliyar ranar haihuwa? A wajenmu, tsawonta tsawon rai ne. Muna yara, ko tsinkewa ta yi a cokalinmu sai marigayiya Nanay ta buge mana hannu. Ni da nake koyar da kimiyya na san babu ruwan taliya da ajali. Amma je ki gaya wa Tatay.

Asabar, 7 ga Satumba

Ta iso. Akwatuna, cakulan, turare, maƙwabta cike da falo. Tatay ya yi mata murmushi da rabin bakin da ya rage masa. Ni ban ga murmushin nan ba tun watan Yuni. Ta rungume ni ta ce, "Auta, kin rame! Ba kya cin abinci ne?" Yaushe?

Talata, 10 ga Satumba

Na faɗa wa Ate abin da likita ta ce. Ta ce, "Ita likitar ta taɓa cika tamanin?" Wai in rufa mana asiri, kada in yanka wa mahaifinmu taliya a gaban duk unguwa. Tiya Sabel, ƙanwar Tatay, tana gefe tana ɓare tafarnuwa, ta sa baki: wai mijin maƙwabciyarta an yanka masa taliya ranar haihuwarsa, bai ga Kirsimeti ba. Na ce, "Tiya, mota ce fa ta kaɗe shi." Ta ce, "To ai shi ne!"

Suka yi ta dariya. Su biyun babu wadda ta taɓa riƙe kan Tatay yana tari har hawaye na zuba saboda ƙwayar shinkafa ɗaya.

Alhamis, 12 ga Satumba

Na wasa almakashin kicin. Ban gaya wa kowa ba.

Lahadi, 15 ga Satumba

Bari in rubuta tun abin yana da zafi, kada gobe in sassauta wa kowa.

Girkin dai ya yi kyau, wannan ba mai ƙwace mini. Na jiƙa sotanghon har ta saki jiki. Na dafa kaza na yagalgala naman, na ajiye romon. Tafarnuwa a mai sai da ta yi ja, sannan albasa, jatan lande, karas, koren wake, kabeji a ƙarshe don kada ya mutu. Na zuba romo da ruwan soya da ɗan ruwan kifi, na sa taliyar, na tsaya ina kallo tana shanye romon tana komawa garau kamar gilashi. Da ludayi biyu nake ɗaga ta, a hankali, yadda Nanay ta koya mini, ko zare ɗaya bai tsinke ba. Ƙamshin da ya tashi, sai na ji kamar in waiwaya in gan ta a bakin ƙofa.

Bayan an taso daga coci gida ya cika. Na ɗebi na Tatay, na shiga bayan firji kamar ɓarauniya, na sa almakashi. Ƙanana, ƙanana. Na rufe da kabeji, na matsa lemun kalamansi, na kai masa.

Ya sa cokali da hannun hagu ya tona. Ya sake tonawa. Ya ɗago kai. Mutumin da maganarsa sai ni kaɗai ke ganewa, yau kowa ya ji shi sarai:

"Kin gaji da ni ne, Luningning?"

Da cikakken sunana. A gaban shugabar makarantarmu, a gaban iyayen ɗalibaina.

Ate ta yi wata dariya, "Haba Tatay, ƙyale auta, boko ne ya yi mata yawa," ta janye kwanon, ta naɗo masa doguwa daga babban faranti. Aka tafa. Ya zuƙa, ya zuƙa, sai ta tsaya masa. Ba tari ma, shiru kawai, ido waje, leɓe ya fara baƙi. Ate ta daskare da cokali a hannu. Ni na duƙar da shi, na bubbuga bayansa, na kamo bakin taliyar da ke reto na jawo ta. Ta kai tsawon hannuna. Ya ja numfashi.

Na ɗauka wani zai ce wani abu. Tiya Sabel ce ta ce: "Ai dole. Almakashi ya riga ya taɓa girkin."

Aka kunna kiɗa.

Litinin, 16 ga Satumba

Na kai masa kunun shinkafa kafin in tafi makaranta. Ya juya fuska bango.

A aji wata yarinya ta ce, "Malama, Mamata ta ce kin yanka wa babanki rai." Na ce ta buɗe shafi na gaba. Ban taɓa rufe wa yaro baki a kan tambaya ba sai yau.

Laraba, 18 ga Satumba

Daga hannun Ate kaɗai yake ci, shi ma cokali kaɗan. Ni ko ruwa ba ya karɓa. Ate kuwa Asabar za ta koma. Daga nan fa? Haƙarƙarinsa ana iya ƙirgawa.

Tambayarsa ce ta ƙi barina. To, a nan dai ba mai gani: eh, na gaji. Na gaji da wankin zannuwa da asuba, na gaji da gudu gida lokacin tara, na gaji da zama wadda ke hana shi komai. Amma wadda ta gaji da mutum ba ta ɓuya bayan firji tana yayyanka masa abinci. Da na gaji irin gajiyar da yake nufi, ai doguwar zan ba shi.

Jumma'a, 20 ga Satumba

Ate na haɗa kaya, ina ninke mata riguna. Ba ta dube ni ba ta ce, "Tun Lahadi ba na iya ko kallon taliya." Na ci gaba da ninki. Can ta ce lokacin da Nanay ta rasu tana durƙushe tana goge daɓen wani gida, a waya ta ji. "So na yi kawai in ga ya ci doguwa da idona, Ning. Shi ke nan."

Jira take in ce ba komai. Ban ce ba. Da komai.

Asabar, 21 ga Satumba

Ta tafi. Rabin ayaba ya ci, shi ma Tiya ce ta ba shi.

Lahadi, 22 ga Satumba

Sauran ƙulli ɗaya na sotanghon a kabad. Ban san me ya hau kaina ba, na sake ɗora kasko. Wannan karon ba bayan firji. Na ajiye kwanon a gabansa, na ɗauko almakashi, na yanka yana kallo. Zare ɗaya na bari, mafi tsawo, na naɗe shi a saman kwanon. Na ce, "Tatay, ga doguwar nan, taka ce, kalle ta iya son ranka. Amma ƙananan za ka ci. In ka ƙi, ni ma na ajiye cokali, mu ga wanda zai riga wani."

Ya daɗe yana kallona. Sannan ya sa yatsun hagu, da ƙyar, ya ɗauki zaren, yana zamewa yana sake kamawa. Na miƙe zan ƙwace. Ashe kwanona ya nufa. Ya sauke shi a ciki.

"Ke ki ci," ya ce. "In kin riga ni, wa zai yanka mini?"

Ya buɗe baki na ba shi. Ya ci fiye da rabi. Bai ba ni haƙuri ba, kuma ban yafe wa kowa ba tukuna. Ate ta kira daga Milano, na ɗaga ne kawai don ta ji ya ci.

Zaren nan, camfi ne, na sani, gobe ma haka zan gaya wa yara. Na dai haɗiye shi ban sa haƙori ba. Santsi ne da shi, shi ya sa.