Ka Ja da Baya In Gan Ta Duka

Zuwa ga hasken idona, inuwata a tsakar rana, ruwan farkon damina a kan busasshiyar zuciyata, Baban Barewa,

Gaisuwa mai yawa, da kewar da ta fi gaisuwar yawa. Ka yi haƙuri da rubutun. Ka san da girmana na koye shi. Na zaɓi takarda ne don a waya ba na iya maka. Da zarar ka ce, "Maman Barewa, yaya nauyin jiki?" sai muryarka ta narkar da ni, in manta abin da na kira in tambaya. Zan ɗauki hoton takardar nan in turo maka. Ka karanta a inda yarinyar ba ta ganin fuskarka.

Yau kwana goma sha tara da ka tafi da 'yarmu babban asibiti saboda ciwon ƙafar nan da ya ci har ƙashi, ka bar ni da cikin wata takwas da likita ta hana shi doguwar tafiya. Kullum da hantsi bidiyonta yana shigowa wayata, ba ka taɓa fashi ba. Wane miji ne zai yi haka in ba kai ba? Wace bishiya ce take miƙo inuwarta daga wani gari? Amma masoyina, ka manta wa ka aura. Ka manta kai ne ka koya min kallo.

Ka tuna ɗakinmu na farko, mai taga ɗaya, da 'yar talabijin ɗin da sai an mare ta take kawo hoto? Ni ina son in ji labari, kai kana tsayar da fim kowane minti. "Duba nan, me ya sa ya matso kusa da idonta? Me ya sa kyamarar ta bi shi a baya ba ta tare shi ta gaba ba?" Ni kuwa in ce, "Kai dai ba a kallon fim da kai, sai ka sa mutum ya tsani jarumar!" Ka yi dariya har da riƙe ciki. A ɗakin nan ka ba ni labarin jarumin da ya karya ƙafa kuna tsakiyar aiki, kuka zaunar da shi bayan tebur, ka ɗauke shi daga ƙirji zuwa sama har fim ya ƙare, ba wanda ya gane. Ka ce min, "Mai kyamara ba ya ƙarya da abin da ya nuna, da abin da ya bari a waje yake yin ta." Wayyo, da ma ban riƙe maganar nan ba!

Bidiyon makon farko, kyamarar tana yawo kamar malam-buɗe-littafi. Kana shigowa da ita tun daga ƙofa, in ga gadon duka, in ga taga, in ga ma'aikaciyar jinya tana kare fuska tana cewa kada ka sa ta a fim ba ta yi kwalliya ba. Kana gangarawa har ƙarshen gado, Barewa tana motsa min yatsun ƙafa ta cikin bandeji.

Tun ranar Talata kyamarar ta daina tafiya.

Yanzu fuska kawai nake gani, daga kafaɗa zuwa sama. Ka juyo yarinyar wajen taga don hasken ya kwanta mata a kumatu, ya yi kyau ƙwarai, kyan ne ma ya tsorata ni. Ba cikin kyamarar take kallo ba, sama kaɗan take kallo, wajen fuskarka, kamar mai jiran a ba ta alama. Sannan ta ce, "Umma, na ci abinci, na sha magani, ina gaishe ki." Yaushe Barewa ta taɓa magana a jere haka? Yarinyar da take fara labarin makaranta ta ƙare da na kyanwar maƙwabta?

Na Alhamis minti ɗaya ne, amma sau uku ka yanka. Kafin yanka na biyu kofin da ke kan durowa cike yake da ruwa, bayansa ya koma rabi, inuwar labule kuma ta bar bango ta sauko kan matashi. Awa nawa ne a tsakanin nan, abin ƙaunata? Kukan wa ka yanke, nata ko naka?

Na nuna wa Yaya. Ta ce, "Ke kam kin fiye bin diddigi. Ga yarinya tana dariya, ke kina ƙirga ruwan kofi. To sannu, darakta!" Na yi dariya don ta ƙyale ni. Na so in yarda da ita, wallahi na so.

Sai na jiya ya zo. Wajen ƙarshe kyamarar ta zame ƙasa kaɗan, bakin bargo ya fara shigowa, sai ka fizgo ta sama. Shekara goma sha biyu ina kallon aikinka. Na ga ka ɗauki hoto kana gudu da baya, na ga ka ɗauka a kan mota tana tafiya, ban taɓa ganin hannunka ya yi rawa ba sai jiya. Na maimaita wurin nan har waya ta yi zafi a tafina.

Ban ce ka ci amanata ba, ko kusa. Na san don cikin nan kake yi, kana tsoron kada labari ya kayar da ni. Ka tare min rana da bayanka, ka bar ta tana ƙona ka kai kaɗai. Amma zinarina, abin da ban gani ba ya fi abin da zan gani cin rai. Ina wanke kwano sai in ga bargon nan. Ina ninke kayan makarantarta, na kai kan safa, sai in rasa guda nawa zan ajiye. Uwa ce ni. Tun tana ciki na san shurin ƙafafun nan biyu, kafin kowa ya gan su.

Ga roƙona, guda ɗaya tak. Gobe ka tsaya a bakin ƙofa, ka ja da baya har gadon ya shiga duka. Ka yaye bargon. Kada ka gyara haske, kada ka koya mata abin faɗa, kada ka yanka ko sau ɗaya. In tana kuka, bar ta ta yi, ni ce uwar kukan. Na yi maka alkawari zan zauna kafin in buɗe, Yaya tana gefena, kuma ba zan tambaye ka don me ka ɓoye ba. In ƙafafun biyu ne, mu gode wa Allah. In ɗaya ce ta rage, 'yata ce, zan zame mata ɗayar har ta koyi tafiya.

In ka gama da ita kuma, ka juyo kyamarar wajenka. Ko ka rame, ko idonka ya kumbura, haka nake son ganinka. Ka ɗauki wannan kaya kai kaɗai ya isa haka, miƙo min gefe ɗaya.

Wadda ba ta da wani sai kai, a labari mai daɗi da marar daɗi, har ranar da za a rufe mata ido,

Matarka, Maman Barewa