Baki Ɗaya da Ba Ya Azumi

Shubra, Alƙahira
Laraba, 19 ga Afrilu, 2023

Zuwa ga yayana Wagih,

Almasihu ya tashi, Yaya. Na san ka amsa daga can tun kafin idonka ya kai ƙarshen layin. Bayan gaisuwa mai tarin yawa da kewar da ta fi gaisuwar yawa, ina fatan takardar nan ta same ka lafiya, kai da Samiya da yara. Ubangiji ya sauƙaƙa maka ciwon gwiwar nan da kake kuka da shi duk lokacin da sanyin Sydney ya fara shigowa, ya sa albarka a aikinka, ya tsare mana ku. Mu nan muna lafiya. Mijina Ramzi yana nan yadda ka bar shi, azumin kwana hamsin da biyar bai rage masa tumbi ko na ɗan yatsa ba. Tanti Afaf ta zo daga Minya tun Lahadin ganyen dabino, ta ce kwana uku za ta yi wa yayarta Mama, ga shi yau kwana goma akwatinta bai motsa daga bayan ƙofa ba. Na zaɓi in rubuto maka ne domin a waya kullum Ramzi ke ƙwace zancen, ni kuwa wannan labarin so nake in ba ka shi da bakina tun daga farko.

Maganar Mama ce. Tun da ɓarin jikinta na dama ya shanye a watan Disamba, duk ka tambaye ni sai in ce da sauƙi. Ban yi maka ƙarya ba, amma ban gaya maka duka ba. Ƙafar ta fara ɗaukarta da sanda, harshen ma ya rage nauyi. Abin da ya karya ta shi ne azumi. Likita ya ce jikinta ba zai ɗauka ba, dole ta ci ƙwai da madara da nama. Abuna Bolis, limamin cocinmu, ya hawo benen nan da kansa ya ba ta izini, ya ce mata biyayya ma ibada ce. Ta sumbaci hannunsa ta ce to, yana fita ta juya fuska ga bango. Shekara sittin ba ta taɓa shan azumi ko na yini ɗaya ba, Yaya, kai shaida ne. Tun daga ranar ba ta ƙara cin abinci a gaban kowa ba. In na kai mata tire sai ta ce in ajiye in ja mata ƙofa. Da aka shiga makon ƙarshe kuwa ta faɗa mini ƙarara cewa wanda bai yi azumi ba ba shi da rabo a idin tashin Almasihu, don haka kada in sa mata kujera a teburi ranar Lahadi. Na yi lallashi, na yi fushi, na yi kuka, duk a banza.

Ga kuma zancen kahk, biskit ɗin idin nan namu. Ka san yadda gidan nan yake zama duk shekara: gari har a gashin gira, faranti goma sha biyu a jere ana kaiwa gidan burodi, Mama na tsaye tana ba da umarni. Bana ko sunansa babu wanda ya iya ambata. In saya a shago, zagi ne a wurinta. In yi da kaina, ka san nawa kahk ɗin, ana iya jifan kare da shi. Amma idi babu ɗan abin zaƙi a gida, da baƙi na zuwa, ban ga yadda za a yi ba. Sai wata abokiyar aikina a kantin magani ta rubuta mini wani abu da ba ya buƙatar gashi ko kaɗan, wai shi kek ɗin malalata. Na ce suna ya dace da mai shi. Na kuma yi tunanin tunda Mama ba ta taɓa yin irinsa ba, ba za ta ji kamar na gaje kujerarta tana raye ba.

Ranar Asabar ta jajiberin idi da hantsi muka zauna ni da Tanti Afaf. Na daka biskit ɗin shayi fakiti shida a turmin tagullar nan na kakarmu, na narka man shanu, na juye madarar gwangwani mai kauri da garin cakulan, na kwaɓa. Abin ya yi kyau a ido, ƙamshi ya cika kicin. Na ɗebo a cokali na nufi baki, sai ji na yi an buge mini hannu har cokalin ya faɗi. Tanti ce, tana zaro ido: “Ke! Da madara da man shanu a ciki fa, zai karya miki azumi! Kwana hamsin da huɗu kin daure, za ki zubar a kan cokali ɗaya?” Wallahi na manta shaf. Wata biyu ina dafa wake da man zaitun ina ɗanɗanawa ba tare da tunani ba, hannuna ya saba. Ga kwano cike da man shanu da madara, ga mu da azumi har sai an fito daga coci, kuma babu wadda ta taɓa cin abin nan a cikinmu balle ta san ko ya yi. Ramzi ya leƙo daga falo ya ce shi a shirye yake ya sadaukar da kansa domin iyali. Tanti ta ce masa, “Koma ka zauna, shahidi. Kai ko siminti aka zuba wa sukari cewa za ka yi ya yi daɗi.” Na ce to bari in miƙa wa Hajja Sana ta hawa na uku, ita ta san hannu. Har na ɗauki faranti, Ramzi ya fashe da dariya ya ce na manta Ramadan ake ciki. Ya fara ƙirga gidajen ginin nan da yatsu, hawa biyar, Kirista da Musulmi, kowa bakinsa a ɗaure.

Daga nan dariyar ta tsaya, domin dukanmu mun san baki ɗaya da ya rage. Na ce a'a, ba zan je in fama wa Mama ciwo ba, gara a kai wa baƙi yadda yake. Tanti ba ta ko saurare ni ba. Ta ɗauki cokali mai tsabta ta cika, ta tura ƙofar ba sallama. Ka san ita kaɗai ke kiran Mama da sunanta. Muna jin ta daga kicin tana cewa, “Fawziya, ba lallashi na zo yi ba, na gaji da shi. 'Yarki ta kwaɓa wani abu da ko sunansa abin kunya ne, gobe surukanta za su ci. Duk ginin nan ke kaɗai ce mai baki. Ko ki ɗanɗana, ko a ce 'yar Fawziya ce ta yi.” Can sai muryar Mama, a hankali, kalma ɗaya bayan ɗaya: “Wannan sukari ne ko mugunta?”

Yaya, ban san lokacin da na isa bakin ƙofar ba. Ta dube ni ta ce ko gishiri ɗan ƙanƙane ban sa ba, na daka biskit ya yi laushi kamar abincin jariri, kuma abu ba ƙamshin idi ai ba na idi ba ne. Ta ce in ɗauko haɗin ƙamshin kahk ɗinta a cikin kabad in barbaɗa rabin cokali. Na duba sama na duba ƙasa ban gani ba. Ta ce gwangwani ne. Na kawo mata gwangwani huɗu, kowanne ta ce ba shi ba. Na rantse maka ba dabara na yi ba, da gaske na rasa shi. Ina durƙushe kaina cikin kabad sai na ji ƙarar sanda a kan tayil, ƙwas, ƙwas, tana matsowa. Ta shigo kicin ɗin da ta yi wata huɗu ba ta taka ba, ta nuna da sandar can bayan buhun shinkafa. Gwangwanin da aka rubuta wa “bular wanki” ne. Tanti ta riƙe haɓa ta ce me ya kai ƙamshi cikin gwangwanin bula. Mama ta ce, “Saboda ke. Shekara talatin kina ɗiba in kin zo.”

Ramzi ya jawo mata kujera da sauri kafin ta canza shawara. Aka soya gyaɗa aka farfasa, aka ƙaro biskit da ba a daka sosai ba, ana sa abu ana miƙa mata cokali. Sau bakwai ta ɗanɗana, na ƙirga. Ramzi ya zauna gabanta yana bin cokalin da ido daga kwano har baki, ita kuma da gangan take jan lokaci tana lumshe ido. A na ƙarshe ta ce, “Yanzu ya zama abinci.” Sai a lokacin na lura cewa a gabanmu take ci, ƙofa a buɗe, mutum uku na kallo. Ko ita ba ta lura ba ne, ko ta yi kamar ba ta lura ba, ban sani ba. Ni dai na fita baranda na yi kukana na share fuska na dawo, kuma farin ciki ne ya sa ni kukan.

Muka mulmula su kamar ƙananan ƙwai. Mama ta sa aka nemo ɗan hantsakin nan da take zana kahk da shi, ta riƙe da hannun hagu, tana yi wa kowanne ado. Hannun bai saba ba, layukan sun karkace, guda ɗaya kan ɗauke ta minti biyu. Da na narka cakulan a kan tururin ruwan zafi na fara tsomawa, sai zanen duk ya ɓace a ƙarƙashi. Na tsaya da cokali a hannu, na ce Mama ai wahalarki ta tafi a banza. Ta ce, “Tsoma kawai. Ni na san yana ciki.” Muka yayyafa wa rabi riɗi, rabi kwakwa, muka jera a firij. Guda sittin da uku ne, da sun kai saba'in ba don mai ɗanɗano ba.

Ranar Lahadi da rana na shirya teburi, Mama kuwa ba ta janye maganarta da baki ba. Na sa kujerarta dai. Ƙannen Ramzi sun zo da matansu, an zuba nama da shinkafa, sai ga Mama, Tanti na riƙe da gwiwar hannunta, sanye da shuɗiyar rigar da ka aiko mata bara. Ta zauna a inda ta saba. Da aka kawo ƙwayayen cakulan ɗin, kowa ya yaba sai ta ce aikin 'yarta Nargis ne, amma da ba a tsaya a kanta ba da an sha kunya. Ta ware guda goma ta ce a kai wa Hajja Sana kafin a sha ruwa. Ranar Litinin ta bikin bazara na Shammun Nasim ma da ita aka fasa ƙwai masu launi a baranda. Ba zan ce maka komai ya wuce ba. Jiya hannun ya ba ta haushi ta yi jifa da cokali, yau ma tun safe tana ɗaki. Amma ƙofar a buɗe take, ina jin ta tana faɗa da Tanti a kan wa ya fi wani tsufa.

Ka gaishe mini da Samiya da kyau, ka ce mata zan rubuto mata yadda ake yi, har da gyaran Mama. Ka gaishe da Fibi da Morkos, ka ja musu kunne su riƙa yi wa kakarsu Larabci. Ramzi yana gaisuwa, Tanti Afaf ta ce ka turo mata man zafin nan na ƙafa. Abuna Bolis ma ya tambaye ka.

Saura saƙo ɗaya, na Mama, ta ce in rubuta shi yadda ta faɗa. Na san wata huɗu ke nan ba ka ga fuskarta ba, muryarta kawai take bari ka ji. Ta ce ka kira ranar Lahadi mai zuwa, ka kunna hoto. Ta ce, “Ki gaya masa bakin ya ɗan karkace. In kuka zai yi, ya yi abinsa ya gama kafin ya kira, ni hira nake so.”

Ka kira da wuri, Yaya. Ta riga ta zaɓi rigar da za ta sa.

Ƙanwarka mai kewarka kullum,
Nargis