Hakim Ya Ga Auduga, Bai Ga Jaririya Ba

Zuwa ga Mai Girma Mufattishin Lafiya mai kula da shafakanonin ƙauyukanmu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali. Da Hausa na rubuto maka. A nemo maka mai fassara, kamar yadda mu ma kullum muke nema a gaban ma'aikatanka.

Ni ɗan ƙwadago ne, ina noma hawashar wani, wato gonarsa ta auduga, a gefen Kamlin. Kukana a kan hakim ne, wato malamin asibitin da ka ajiye mana a shafakana, ɗakin shan maganinmu, mutumin nan mai farar riga da alƙaluma jere a aljihu. Matata Amna tana da tsohon ciki yanzu, kuma ba ni da inda zan kai ta sai teburin mutumin da ya bari 'yata Nafisa ta nakasa yana kallo.

Na farko. Nafisa bakwaini ce. Naƙuda ta kama uwarta tana tsakiyar cirar auduga, cikin sanyi, aka haifo 'yar abu kamar ɗan tsako. Mu kuwa tun kakanninmu da suka taho daga yamma, bakwaini a cikin auduga ake naɗe shi har ya cika watanninsa. Surukata Inna Kulu ta ɗebo daga abin da Amna ta cira ranar, ta tsince gurya, ta naɗe jikarta. E, audugar gona ce, wadda doka ta ce ba a fita da ita sai an auna. Na faɗa da bakina, don kada hakim ɗinka ya ɗauka wani asiri ya tono.

Na biyu. Tun kafin suna yarinyar ta daina kama nono, maɗigarta ta tasa, kukanta ya koma wani siriri mai tsinka zuciya. Inna Kulu ta fito da ita hasken rana, ta buɗe mata ido, ta ce, "Ɗiyag ga ta yi rawaya kamar kurkum har cikin ido, ku tashi mu tai wurin hakim." Muka je. Ya kwance audugar, ya murza ta a yatsa kamar mai ciniki, ya bar jaririya tsirara a kan tebur. Buɗar bakinsa sai, "Al-guɗun da min wen, ya Fallati?" Wai daga ina audugar nan; Fallati kuwa, haka suke kiran mu jikokin waɗanda suka taho daga yamma. Rawayar jikinta kuwa, ya ce ai matanmu ba su da aiki sai shafe-shafe, a je a wanke ta. Ban san akwai makarantar da ake koya wa mutum cewa ana shafa wa jariri kurkum a ƙwayar ido ba, sai a kansa.

Motar da ke zuwa babban asibiti ba ta ɗaukar mara lafiya sai da takardar hakim. Ya kuwa rubuta takarda, amma ta ƙarata ce wurin samad, mai sa ido a kan gonaki. Kwanakin da ya kamata a ce muna asibiti, a ƙofar samad na ƙare su, ina rantse-rantse a kan audugar da ba ta cika ƙwarya ba.

Na uku. Da muka samu muka kai ta da kanmu, jikinta ya riga ya sanƙare, tana bankarewa ta baya. Likitan da ya duba ta ya zaunar da ni ya yi mini bayani kamar mutum. Ya ce jijiyoyin kan bakwaini ba su yi ƙwari ba, wata ta tsage, jini ya zuba a ciki. Jinin da ya fita daga jijiya ba ya zama lafiya, narkewa yake yi, ya saki wani abu kamar tsatsa da wani ruwa rawaya, su dinga cin ƙwaƙwalwar da ba ta gama haɗuwa ba. Hantar bakwaini kuma ba ta da ƙarfin tace rawayar, shi ya sa ta taru har ta fito a ido, wato ciwon shawara. Bai yi mini ƙarya ba: ya ce jinin da ya zuba ba shi da yadda zai yi da shi, amma shawarar, da an zo da wuri, ana canja wa jariri jini a rage ta kafin ta kai inda ta kai. Abin da ta riga ta cinye kuwa ba ya dawowa.

Yau Nafisa ta wuce yaye. Wuyanta ba ya tsayuwa, ba ta zama, ba ta ji. Uwarta tana goye da ita tana aiki, ga ciki a gaba. Hakim kuwa yana nan, har ƙiba ya ƙara. In ya wuce ta bakin tur'a, magudanar ruwan gonaki, yana ɗaga mana hannu, ko a jikinsa. Ba tsoronsa nake ji ba, raina shi na yi, kuma ina so ka sani.

Ga buƙatuna. Ka ɗauke shi ka kai shi wurin awon auduga, can ne gwanintarsa take, kuma can ba zai kashe kowa ba. Ka turo mana wanda zai fara buɗe idon jariri kafin ya tambayi asalin ubansa. In kuma ka ga ya yi maka kyau a inda yake, to ka ba da umarni motar asibiti ta ɗauki kowane bakwaini ba sai da izininsa ba, tun kafin Amna ta sauka. In wannan ma ya zo da wuri, a auduga za mu naɗe shi, kada a ce ban faɗa ba.

Allah ya ƙara maka girma, ya tsare maka kujerarka, ya ba ka jikokin da in ka kira sunansu za su waiwayo.

Wassalam.

Usman Garba,
uban Nafisa.