Bangon da Ke Zuwa a Tirela

Litinin, 3 ga Maris

Baban yara ya fara aiki a sabbin gidajen hukumar birni. Shi ne mai tsayawa a saman bene yana karɓar bango. Yanzu ba bulo ake jerawa ba. A masana'anta ake zuba bangon gaba ɗaya, har da gurbin taga, a kawo shi a tirela, injin ɗaga kaya ya cira shi sama, su kuma su ja da igiya su zaunar da shi. Wai izinin ginin da kan shekara a ofis, yanzu cikin wata ake sa masa hannu. Filin tsohuwar tashar mota ma hukuma ce ta bayar. Yana ba ni labari yana dariya. Ni ban yi ba.

Alhamis, 6 ga Maris

Inna, mahaifiyarsa, ta ce ɗan mutum ma sai ya yi wata tara a ciki, wannan gidan nasu bakwaini ne. Kowa ya yi dariya. Shi kuwa ya ce, "Inna, bakwainin zan sa ki a ciki." Ashe ya rubuta sunanmu cikin masu neman gida bai gaya mini ba. Na ce ni da 'ya'yana ba ma kwana a abin da aka liƙa. Ya nuna mini rufin ɗakinmu da ke yoyo.

Asabar, 15 ga Maris

Daga bakin tagar da nake ɗinki ana hango kan injin. Na juya keken ya fuskanci bango. Duk da haka sau biyu na farke hannun riga ɗaya.

Laraba, 26 ga Maris

An ƙara musu awoyi. Magajin gari ya yi alkawari a rediyo kafin damina za a raba makullan gidajen. Shi ya yi alkawari, mijina ke dawowa a gajiye liƙis, ko kofi ba ya iya riƙewa daidai. Na tambaye shi bel ɗin da ake ɗaure su da shi. Ya ce akwai, amma bai kai kowa ba, ana karɓa-karɓa. Da ma ban tambaya ba.

Juma'a, 4 ga Afrilu

Da hantsi iska ta taso, sai na ji ƙara kamar ƙasa ta tsage. Maƙwabciyata ta leƙo tana cewa, "An ce bango ya suɓuce, an ce akwai mutum." Ban san yadda na isa wurin ba, takalmi ɗaya a ƙafata. Mai gadi ya tare ni, na ture shi, dattijo da shi, Allah ya yafe mini.

Ba shi ba ne. Dogo ne, abokinsa, bangon ya lilo ya make shi, ƙafa ta karye wuri biyu. Na ga mijina tsaye, rigarsa duk jinin Dogo, na ce alhamdu lillahi da ƙarfi. Matar Dogo na bayana. Ta ji.

Lahadi, 6 ga Afrilu

Baban yara ya wuni a ɗaki. Inna ta daina zolaya.

Talata, 22 ga Afrilu

Ma'aikata sun ƙi hawa tun ranar. Yau hukuma ta kira taro, na je don in ce a rufe aikin gaba ɗaya. Kafin in ɗaga hannu wata mata ta miƙe, goye da yaro. Tun ambaliyar bara suke zaune a ajin makaranta, iyali huɗu, labule ne tsakaninsu. Ta ce, "Ku kuna tsoron sama, mu muna tsoron ruwa. Wa zai jira wa?" Ban ɗaga hannun ba.

Baban yara ne ya tashi, shi da ko a gida sai an ja shi yake magana. Ya dubi wakilin hukuma ya ce, "Ranka ya daɗe, ba saurin muka ƙi ba. Kun gaggauta takarda, madalla. Amma jikin mutum ba takarda ba ne. Ku ƙaro hannu, kada ku ƙaro awa." An yi ta ja-in-ja. A ƙarshe aka ce za a kawo inji na biyu da wasu ma'aikata, kowa da bel ɗinsa, in iska ta taso a sauka. Makullai kuma sai tsakiyar damina. Matar nan ta fita ba ta kalli kowa ba.

Gobe zai koma. Na roƙe shi ya bari, ya ce in kowa ya bari fa?

Asabar, 17 ga Mayu

Ruwan farko. Katifar yara ta jiƙe, mun jingine ta. Da ruwan ya ɗauke na kai wa baban yara abinci wurin aiki, ya ce in hau in gani, hawa ɗaya kawai. Na hau ina dafa bango, ina jiran ya motsa. Bai motsa ba. Ɗakin a bushe, ko ɗigo babu, sai warin siminti.

Har yanzu ban ce na yarda ba. Sunanmu ma ba lallai ya fito ba. Taga dai na auna da tafin hannu, don akwai wani ragowar yadi da ke ajiye yana cin wuri, zai yi labule. Shi ke nan.